Ranar da Na Ƙi Sa Hannu a Firiza

Ran Juma'a, da muka fito masallaci muka zauna cin abinci a unguwar Al Buteen, nan Dubai, na ji ɗaya daga cikinku, ku masu ɗaure wa 'yan kasuwa kwalaye, yana cewa wai aikin mai lodin jirgin sama hawan jirgi ne kyauta. Ka tura kaya ciki, a ja ƙofa, ka miƙe ƙafa sai an sauka. Ban tanka ba, don akwai loma a bakina. Amma maganar ta hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda abin yake.

Sunana Isiyaku. Na daɗe ina auna kaya a filin jirgin Kano kafin in zo Dubai a 2016, da furfura a gemuna, ina ganin ba wanda zai koya mini lodi. Wani ƙaramin kamfanin haya ne ya ɗauke ni, mai tsofaffin jirage biyu, irin masu inji huɗu da ake buɗe musu ƙofa ta baya. Inda manyan kamfanoni suka ƙi zuwa, nan ne kasuwarmu: garuruwan haƙar ma'adinai can arewa, bayan duwatsun tsakiyar Asiya, inda ƙanƙara ke toshe hanya wata da watanni, komai sai ta sama. Injin wuta, bututu, tayoyin katafila, fulawa, albasa, magani.

Aikina na farko wani injin famfo ne da aka kawo daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, girmansa ya kai ƙaramar mota. Ubangidana a wurin shi ne Baba Adamu, mutumin Mai Wurno ta Sudan, jikan Hausawa, Hausarsa irin ta kakanninmu, ga Larabci a cakuɗe. Ya ce in ɗaure. Na ɗaure tamau, ina zufa, na ja da baya ina jiran yabo. Ya kewaya injin sau ɗaya, ya tsaya.

"Malam Isiyaku, in jirgi ya ɗaga hanci, ina wannan zai nufa?"

Na ce, "Baya, Baba."

"In ya taka birki fa?"

"Gaba."

"To, in ya faɗa ramin iska?"

Ya ce, "Sama zai yi, ya dawo ya huda maka ƙasan jirgi. Kai ɗaurin gingimari ka yi. Kwance duka."

Sau uku na kwance injin nan a ranar. Sai da na zama ɗan koyo da jika a gida.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sarƙa don manyan ƙarafa, bel mai ƙugiya don matsakaita, raga don tarin kwalaye, katakon shimfiɗa don kada nauyi ya taru wuri guda ya lotsa ƙasan jirgi, tef na awo, da sikeli. Sai fensir, domin biro daskarewa take yi a inda muke zuwa. Babbansu kuwa takardar lodi. A cikinta kake nuna nauyin kowane kaya da inda ka ajiye shi, ka sa hannu, matuƙi ya duba ya san yadda zai saita jirginsa kafin tashi. Kun san yadda mai abra, kwalekwalen fiton nan, ke daka tsawa in kowa ya koma gefe ɗaya za a haye ruwa zuwa Bur Dubai? To, haka jirgi yake, sai dai shi gaba da baya ne matsalarsa. In nauyi ya yi baya da yawa, yana barin ƙasa sai hanci ya miƙe sama, matuƙi ya danna ya danna, ya ƙi saukowa. Daga nan sai salati. Matuƙi ba ya ganin bayansa. Abin da ka rubuta masa shi ne idonsa.

Wani akwatin katako na tuna, an rubuta masa kayan gyara a jiki. Farid ne ya kawo shi, ejan ɗin da ke haɗa mu da masu kaya, mutum mai fara'a, waya biyu a hannu, kullum cikin sauri. Takardarsa ta faɗi nauyi, amma da abin ɗaga kaya ya shiga ƙarƙashin akwatin sai na ga tayoyinsa na baya suna neman barin ƙasa. Baba Adamu ya ce a kai sikeli. Farid ya ce, "Yalla ya Baba, ba lokaci, ga takarda nan." Baba ya ce, "Takarda ba ta jin nauyi." Aka auna, ya zarce ƙwarai. Ashe mai kayan ya ga sarari a cikin akwatin, ya cusa batiran mota. Ba mugu ba ne. Shi a ganinsa dabara ya yi. Yawancin masu kaya haka suke, ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya da kayansu a sararin sama ba. Mu kuwa kujerarmu tana gaban kayan, in ya kuɓuce mu zai fara gaisarwa.

Zuwana ƙasar sanyi na farko a ƙarshen shekarar ne. Garin yana da suna, harshena ne ya kasa, sai muka sa masa Firiza. Kwari ne tsakanin duwatsu, titin jirgi ɗaya, ba fitilu, rana na faɗuwa an rufe fili, kuma a lokacin sanyi tun kafin la'asar take faɗuwa. Da aka buɗe ƙofar baya na shaƙi iska, sai na ji gashin hancina ya sandare. Na kai hannu ba safa zan kama sarƙa, Baba ya buge mini hannu. "Fatarka za ka bari a jiki," in ji shi. A nan na ga bel ya yi tauri kamar kilishin bara, ka ja shi ka ɗauka ya ɗauru, sai jirgi ya ɗumama a sama ya saki jiki. Shi ya sa muke tashi mu zaga kayan bayan an hau, muna ƙara matsewa. Wanda ya ce muna barci bai taɓa bin mu ba.

Da muka gama saukewa, Baba ya jingina tsani a fiffike ya ce in hau. Daga ƙasa fiffiken fes yake, yana ƙyalli. Ya ce in cire safa in shafa da sauri. Na shafa, na ji kamar an barbaɗa yashi a faranti.

"Ka ji shi? Wannan ne mai kisan. Tulin da kowa ke gani ai sharewa ake yi. Wannan siririn, shi ake rainawa."

Matuƙinmu, Kyaftin Rustam, mutumin yankin ne, dogo, mai ƙarancin magana, Isa yake kirana. Shi ya ƙara mini bayani da guntun Turancinsa da guntun nawa. Ya ce iska so take ta bi bayan fiffike sumul, ita ke ɗaga jirgi. In ta taras da kaushi sai ta watse, jirgi ya yi ta gudu a ƙasa ya kasa tashi, ko ya tashi kaɗan fiffike ɗaya ya kife. Akwai mota mai fesa ruwan magani mai zafi da ke wanke shi, amma maganin yana da wa'adi. In an fesa ka tsaya jira, dusar ƙanƙara na zuba, to kamar ba a yi ba. Ya ce kuma a tsananin sanyi har agogon da ke nuna tsawo yana ƙarya, ya ce maka kana sama alhali dutse na kusa da cikinka. Wata rana ƙasa fara, sama fara, ba ka sanin inda ɗaya ta ƙare. Labarin yanayi kuwa, a irin filayen nan, sau da yawa mutum ɗaya ne ke leƙa taga ya faɗa ta rediyo. In ka iso ka ga ba dama, fili na gaba yana da nisa, mai kuma ba ya jira.

Shekara uku muna wannan zirga-zirga. Ka bar Dubai riga na manne da bayanka, bayan 'yan awoyi kana neman yatsunka. Jikina ya saba da rashin zama har ya zamana in na kwana huɗu a fulat ɗinmu sai in ji kamar an ɗaure ni.

Sai shekarar korona. Ku kun tuna Al Buteen shiru, shaguna a kulle, 'yan kasuwa sun maƙale a otal. Mu akasin haka muka gani. Jiragen fasinja sun tsaya, duk abin da suke ɗauka a cikinsu ya dawo kanmu. Takunkumin fuska, safar hannu, injin numfashi, kowa nasa na gaggawa ne, kuma gaskiya ne, mutane na mutuwa. In mun sauka wani wuri ba a barinmu shiga gari, a cikin jirgi muke kwanciya kan raga. Na ga Kyaftin Rustam yana karanta takarda ɗaya sau uku bai gane ba. Farid ya daina dariya, sai "yalla, yalla" a waya.

A sanyin ƙarshen shekarar muka kai Firiza wani injin wuta na asibitin wani sansanin ma'aikata da ke bayan dutse. Jirginmu ba ya iya sauka can, sai a sauya wa kayan jirgi, a sa a wani ƙarami mai farfela biyu na mutanen yankin. Mai yi musu lodi yana kwance da cutar. Aka ce ɗayanmu ya bi kayan. Na ɗauki jakata, Baba ya ce, "Ajiye. Kai tsaya ka ƙarasa sauke namu, bayanka ya fi nawa ƙarfi. Wannan ƙaramin jirgi ne, sai hannun tsoho." Ya ɗaure injin da kansa, na miƙa masa sarƙoƙi. Aka fesa musu magani. Daga nan aka ce su jira wasu ma'aikata biyu da ke tafe daga gari. Suka jira. Dusar ta fara sauka a hankali, irin wadda ba ta da tsoro a ido. Da mutanen suka iso, mai motar feshi ya ce maganinsa ya ƙare. Rana ta yi ƙasa, in ba su tashi yanzu ba sai gobe, asibiti kuma ba wuta.

Ina tsaye a bakin ƙofarmu na ga gudunsu. Suka wuce inda ya kamata su bar ƙasa, suka ci gaba. Can kusa da ƙarshen titi jirgin ya ɗaga, bai fi tsawon bene ba, sai fiffiken hagu ya sunkuya. Ya ɓace a bayan wani tudu. Ƙarar ma ba ta yi yawa ba, dusar ta shanye ta.

Wurin kana hango shi da ido, amma sai da aka kwashe awoyi kafin a isa, domin mota ba ta shiga, mutum kuma nutsewa yake har ƙugu. Wannan ma yana cikin abin da ke kashe mutane a can: wanda faɗuwa ta bari, sanyi ya ƙarasa. Su biyar ne a ciki, biyu suka rayu. Baba Adamu ba ya cikin biyun. Injin wutar kuwa yana nan daram a kan guntun ƙasan jirgin, ko sarƙa ɗaya ba ta saki ba.

Ba a bari a fita da gawa a lokacin. Musulmin garin suka yi masa sutura. Ƙasa ta daskare kamar kankare, sai da aka hura wuta a kanta yini guda kafin diga ta shiga. Maigadin filin, wani dattijo, shi ya yi haƙan da ƙannensa. Allah ya jiƙan Baba. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Masu bincike sun zo sun yi tambayoyinsu. Abin da na fahimta shi ne abin da nake so ku riƙe: da wuya abu ɗaya ya kayar da jirgi. Jiran mutum biyu ba laifi ba ne. Ƙarewar magani tana faruwa. Matuƙin ya gaji, rana na faɗuwa, marasa lafiya na jira. Kowanne shi kaɗai da an wuce lafiya. Taruwa suke yi, kuma kowa a wurin yana da hujja mai kyau.

Bayan wata biyu, farkon 2021, muka sake komawa Firiza, ni ne babba a lodi yanzu. Mun sauke kayanmu, sai Farid ya kira ya ce kada mu dawo haka nan, akwai injin haƙa da ya lalace da tarin bututu, a kawo Jebel Ali gyara. Na je na duba. Makonni suka yi a waje. Kowane bututu cike yake da ƙanƙara tun daga baki har ƙarshe, injin kuwa duk wani rami da ke jikinsa ya toshe. Nauyin da ke takarda na busasshen ƙarfe ne. Na nemi sikelin filin, aka ce ya daskare ya lalace. Na nemi a sa su a rumfa mai ɗumi su narke, aka ce sai kwana biyu. Kafin in dawo daga wannan yawon, an riga an tura su ciki.

Na ɗaure su yadda ya kamata, don ba a barin ƙarfe sake. Sannan na hau wurin Kyaftin Rustam da takardar ba sa hannu.

Na ce, "Kyaftin, ban san nauyin abin da ke bayanka ba."

Idonsa ja wur. Ya ce, "Isa, ƙiyasta."

"In na ƙiyasta ƙarya zan rubuta maka."

"Jirgin nan na san shi tun kafin ka san ƙanƙara. Zai ɗauka. An share fiffike, iska na gabanmu, saura minti arba'in a rufe fili. In muka kwana, guguwa na tafe, sai mu yi mako a nan. Yarana sun gaji."

Gaskiya ya faɗa, kowace kalma. Ya miƙo mini waya, Farid ne.

"Habibi, mene ne kuma? Shwaiya, 'yar ƙanƙara ce fa. Sa hannu, kalas, shi ke nan, gobe kana gida."

Na ce, "Farid, a narkar ko a auna."

"Ka san ma'anar abin da kake yi? Bizarka a hannun kamfani take."

"Na sani."

Na ajiye takardar da fensir a kan kujera. Mai jirgi ba ni ba ne, matuƙi ba ni ba ne, ba ni da ikon hana kowa tashi. Abu ɗaya ne nawa a jirgin nan, hannuna. Injiniyan jirgin ya kalli Kyaftin, ya ɗauki fensir ya sa nasa. Na ce da su duka, "Ku zo mu sauka." Ba wanda ya motsa. Na ɗauki jakata na sauka ni kaɗai.

Na tsaya kusa da ɗakin maigadi. Jirgin ya juya, ya yi ruri, ya taho. Ya wuce rabin titi. Ya wuce inda na saba jin tayoyinmu sun daina ƙara. Dattijon ya kama hannun rigata, bakinsa na motsi. Sai da ya cinye titin kusan ƙaf sannan ya ɗaga, a hankali, kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Ya bi kwarin ƙasa-ƙasa har ya shige gajimare.

Ya sauka Dubai lafiya lau.

Ni kuwa guguwar ta zo kamar yadda aka ce. Kwana tara na yi a wani ɗaki a bayan ofishin filin, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, dattijon na kawo mini shayi da gurasa, ba ma jin yaren juna. Da na dawo ta wata doguwar hanya na taras takardar sallama na jirana. Wasu abokan aiki suka ce tun mutuwar Baba tsoro ya shige ni. Wani ma ya ce, "To, ai ga shi sun sauka, me ya faru?" Wannan tambayar ita ce uwar haɗarurrukan da na sani. An yi jiya an tsira, sai a yi yau da ƙari.

Allah ya taimake ni wani mutumin Kano ya samo mini aikin cika kwantena a wani sito a Jebel Ali, aka sauya mini biza. Aiki ne mai kyau, a ƙasa, ba abin da ke tashi. Wata bakwai na yi ina ɗaure wa kwantena kaya kamar za ta yi firiya, masu kaya na cewa ina ɓata musu lokaci.

Makon jiya aka kira ni daga wata lamba, ashe Kyaftin Rustam ne. Muka haɗu da hantsi a wani shagon shayi a Bur Dubai. Ya rame.

"Isa, ranar nan da muka sauka aka buɗe ƙofar baya, ruwa ne ya kwararo. Ƙanƙarar ta narke a hanya. Ya yi ta zuba daga bututun nan kamar an fasa tanki, har ma'aikatan fili suka zo suna tambaya me ya fashe. Na tsaya ina kallo. Duk wannan na ɗaga daga ƙasa, ba ya cikin takardata." Ya nuna mini tazarar yatsunsa biyu. "Abin da ya rage tsakaninmu da tudun nan ke nan."



Ya ce ya bar kamfanin, ya koma wani, su ma ƙasashen sanyi suke zuwa, kuma an ba shi zaɓin mai lodinsa. Ya zaro wasu takardu daga jaka ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora biro a kai.

"Na gaya musu kana da taurin kai, suka ce sun ji. Sa hannu a nan."

Na jawo takardun gabana, na laluba aljihu na fito da tabarau.

Ya ce, "Me kuma?"

Na ce, "Kyaftin, ƙaro mana shayi. Sai na karanta."